GIGIN TSUFA KO YUNWAR ƘWAƘWALWA? HAƘƘIN TSOFAFFINMU NE A DUBA JININSU KAFIN A YANKE MUSU HUKUNCI

Cikakken jawabin da Sakataren Ƙungiya ya gabatar a madadin kwamitin zartarwa, a taron mambobi na ƙarshen wata a garin Kontagora.



Mai girma shugaban taro, iyayenmu dattawa, malamanmu, shugabar mata da tawagarta, matasanmu, 'yan'uwa maza da mata, muna yi wa kowa barka da zuwa, tare da fatan mun baro iyali lafiya. Muna kuma godiya ta musamman ga 'ya'yanmu ma'aikatan lafiya waɗanda suka zauna da mu har sau uku suna yi mana bayani dalla-dalla, domin mu dai kun san iyakar karatunmu, a ajin yaƙi da jahilci muka koyi haɗa baƙi da wasali bayan mun yi gemu. To amma Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Mun yi tambaya, an ba mu amsa, ita ce muka kawo muku yau.

Abin da ya sa kwamiti ya zaɓi wannan batu shi ne wasu al'amura guda biyu da suka faru a gidajen mambobinmu, waɗanda da yawa a cikinku kun san su. Ba za mu kama suna ba, domin rufin asiri.

Na farko wata uwa ce tamu, wadda ta zo garin nan da maigidanta daga ƙasar Katsina fiye da shekara arba'in da suka wuce. Duk unguwa an san ta da sana'ar daddawa, kuma an san ba a cin ta da kwabo a lissafi. Tana da ciwon suga, ta daɗe tana shan ƙwayarsa ba fashi. Sai aka fara lura takalmi yana zame mata daga ƙafa tana tafiya ba ta sani ba. Daga nan sai ta riƙa rikicewa a raka'o'in salla, ta riƙa kiran jikarta da sunan ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa. Wata rana da asuba aka tsince ta kusa da tashar mota, ta ce wai gida za ta. Wasu suka ce gigin tsufa ne, a bar ta. Wasu suka ce iska ce, aka yi ta sayen turare. Akwai ma waɗanda ba su ji tsoron Allah ba suka fara raɗa cewa tsohuwar da ke yawon dare ai a bincike ta. Iyalinta suka ji kunya, suka sa wa ɗakinta kwaɗo.

Wata jikarta mai karatun aikin jinya ita ce ta kafe sai an kai ta asibiti. Likita ya duba ta, ya tambayi magungunan da take sha da abincin da take ci, ya ce a auna bitamin B12 a jininta. Sai da aka aika da jinin wani gari kafin a samu sakamako, ya kuwa nuna bitamin ɗin ya yi ƙasa ƙwarai. Aka sa ta a allura. Bayan wasu watanni ta dawo tana gane mutane, tana sallarta daidai, har ta koma ƙirga cinikinta. Mutuwar ƙafar dai ba ta sake ta gaba ɗaya ba, likita ya ce an makara a wannan ɓangaren.

Na biyu wani dattijo ne, tsohon direba. Shi ma mantuwa ta kama shi. Da iyalinsa suka ga abin da ya faru da waccan uwa tamu, sai suka garzaya da murna aka yi masa irin wannan gwaji. Jininsa ya fito lafiya lau, ba ya da ƙarancin komai. Bayan ƙarin bincike likitoci suka ce tasa cutar mantuwa ce ta ainihi, wadda har yanzu duniya ba ta samu maganin da ke warkar da ita ba. Amma ko a nan an samu riba, domin daga ranar 'ya'yansa suka daina yi masa tsawa suna cewa da gangan yake yi.

'Yan'uwa, mun kawo labaran biyu tare ne domin kada wani ya fita daga nan ya ce sakatare ya ce bitamin yana maganin gigin tsufa. Abin da muke faɗi shi ne, a cikin tsofaffin da muke yi wa kuɗin goro da sunan gigin tsufa, akwai waɗanda yunwa ce ta wani nau'i ke cin ƙwaƙwalwarsu, ana iya gano ta da gwajin jini, ana kuma iya magance ta idan an yi da wuri. Ido ba ya iya bambance wannan da wancan. Saboda haka haƙƙin kowane tsoho ne a duba shi kafin a yanke masa hukunci.

GIRMAN MATSALAR

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum miliyan 57 ne ke fama da cutar mantuwa a duniya, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 suna zaune ne a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici irin tamu. Mafi yawansu, wato kashi 60 zuwa 70 cikin 100, suna da nau'in da ake kira da sunan wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, wanda ya fara bayyana shi a 1906. A nan Arewa ma, likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello sun yi bincike a kan tsofaffin Zariya, suka fitar da shi a 2011, inda suka samu kusan 3 cikin kowane 100 suna da cutar. Wato dai abin ba na Turawa kaɗai ba ne, yana cikin gidajenmu.

Ya kamata kuma mu bambance tsakanin mantuwar yau da kullum da cutar mantuwa. Kowa yakan manta inda ya ajiye makulli. Amma wanda ya riƙe makulli bai san amfaninsa ba, ko ya ɓace a layin da ya shekara talatin yana bi, ko ya maimaita tambaya ɗaya sau goma a zama guda, wannan ciwo ne, tsufa kaɗai ba ya kawo haka. Ga tsofaffi nan a cikinmu 'yan shekara tamanin da suka fi mu riƙe tarihi.

MENE NE BITAMIN B?

Bitamin wasu sinadarai ne da jiki ke buƙata 'yan kaɗan daga abinci, amma in babu su aiki ya tsaya, kamar yadda mota ba ta tashi in babu ɗan ƙaramin fulogi ko da tanki cike yake da mai. Waɗanda ake kira B dangi ne, su takwas. Biyar daga cikinsu ne suka fi shafar maganarmu: B1, B3, B6, B9 wanda ake kira folik asid, da kuma B12.

Mu fara da B12. Jijiyoyin jikinmu kamar wayar lantarki suke, kowace tana da rigar da ta lulluɓe ta. B12 yana cikin abubuwan da ke kula da wannan riga. Idan ya yi ƙaranci rigar sai ta fara zaizayewa, saƙo ya riƙa ɓacewa a hanya. Shi ya sa mutum zai ji ƙafa da hannu suna mutuwa, ko kamar tururuwa na bin su, ko kamar a kan auduga yake takawa, ya riƙa tangaɗi musamman cikin duhu. Harshe kan yi ja ya yi sulɓi, jini kan ragu, ga kasala. Idan abin ya hau sama sai mantuwa, da baƙin rai, da zargin mutane, da rikicewa.

Abin da jiki ke buƙata a rana bai taka kara ya karya ba, maikirogiram 2.4 ne ga baligi, abin da ido ba zai ma gani ba. Amma ga inda gizo ke saƙar. Na ɗaya, B12 a abincin da ya fito daga dabba ake samunsa: nama, hanta, kifi, ƙwai, nono. Gero da dawa da masara da shinkafa ba su da shi, haka ma zogale da ake ta yabo, yana da nasa amfanin amma ba ya ba da B12. Na biyu, hanta takan yi ajiyarsa ta shekaru, saboda haka mutum zai iya daina samunsa yau, alamar ba za ta fito ba sai bayan shekara uku ko fiye, lokacin da ba wanda zai danganta abin da abinci. Na uku, jiki ba ya iya zuƙe shi daga abinci sai da taimakon ruwan tsami na ciki da wani sinadari da tumbi ke fitarwa, su kuwa suna raguwa da tsufa. Don haka akwai tsohon da ke cin nama kullum amma bitamin ɗin wucewa kawai yake yi.

To mu dubi gidajenmu da idon gaskiya. Tsohuwa haƙora sun zube, nama ya gagare ta. In an sa mata tsoka ɗaya a miya, jika za ta miƙa wa. Ƙwai an ce na sayarwa ne. Safe koko, rana tuwon jiya, dare tuwo da miyar kuka. Ciki ya cika, muna cewa ai Iya ta ƙoshi, alhali ƙwaƙwalwarta da yunwa ta kwana.

MAGUNGUNAN DA YA KAMATA A LURA DA SU

Akwai ƙwayar ciwon suga da aka fi ba mutane, a jikin kwalinta za ku ga an rubuta metformin. Magani ne mai kyau wanda ya ceci rayuka da yawa, amma idan aka daɗe ana shansa yakan rage zuƙar B12. A 2022 hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta sanar da likitoci cewa wannan matsala tana iya shafar mutum 1 cikin 10 na masu shansa, ta kuma ba da shawarar a riƙa auna masu alamu. Haɗarin shi ne, shi ma ciwon suga yana kashe ƙafa, sai a ɗora laifin duka a kansa a manta da bitamin. Haka ma magungunan olsa masu rage tsamin ciki, irin wanda ake rubuta omeprazole, waɗanda wasunmu suka mayar kamar goro, shekara da shekaru ba tare da likita ba. Sannan ɗaya daga cikin magungunan tarin fuka yana cin B6, shi ya sa asibiti kan haɗa wa majinyaci da wata 'yar ƙwayar B6, kada a yar da ita.

Muna roƙo da babbar murya, kada kowa ya daina shan maganin suga ko na tarin fuka saboda wannan jawabi. Abin yi shi ne a koma wurin likita a tambaye shi, a ce mun daɗe muna shan wannan, ko akwai buƙatar a auna mu.

Giya da burkutu kuwa suna cinye B1, kuma ƙarancinsa mai tsanani yana jawo wata irin mantuwa da mutum ba ya iya riƙe sabon abu ko na minti kaɗan. A ƙasar nan ma an ga aikin ƙarancin B1 ta wata hanya. A yankin Ijesha na ƙasar Yarabawa an daɗe ana fama da wata cutar karkarwa da tangaɗi da ke zuwa da damina. A shekarun 1990 wani likita a Ile-Ife, Bola Adamolekun, ya danganta ta da wata tsutsa da mutane ke ci a wannan lokaci, daga baya aka tabbatar tana ɗauke da abin da ke lalata B1 a jiki. Cutar da aka shekara da shekaru ana mamakinta, ashe bitamin ne maganinta.

MASARA DA DARASIN WASU ƘASASHE

Yanzu mu zo kan abin da ya fi kusa da rumbunanmu. Allah ya albarkaci ƙasar Kontagora da masara. Iyayenmu gero da dawa suka fi ci, amma tun daga shekarun 1980 masara ta mamaye gonaki da tukwane. Masara abinci ce mai albarka, sai dai B3 da ke cikinta a ɗaure yake, jiki ba ya iya cin moriyar mafi yawansa. Wanda ya dogara da ita kaɗai, babu wake babu gyaɗa babu nama, yana iya kamuwa da cutar da likitoci ke kira felagira. Alamunta uku ne: fata ta yi baƙi ta yi kaushi tana saɓulewa a inda rana ke duka, kamar wuya da bayan hannu da ƙafa, zawo da ba ya jin magani, sai rikicewar hankali.

A kudancin Amurka, tsakanin 1906 da 1940, an ƙiyasta wannan cuta ta kama mutum kusan miliyan 3, ta kashe wajen 100,000, yawancinsu talakawan manoman auduga masu rayuwa a kan masara. Da yawa a gidajen mahaukata suka ƙare. An ɗauka annoba ce mai yaɗuwa, har sai da wani likita, Joseph Goldberger, ya fara bincike a 1914 ya nuna cewa idan aka ƙara wa marayu da majinyata madara da nama da ƙwai cutar tana ɓacewa. A 1937 aka gano ainihin sinadarin, wato B3.

Kada mu ce wannan tsohon labari ne. A 1990, a sansanonin 'yan gudun hijirar Mozambik da ke ƙasar Malawi, mutum fiye da 18,000 suka kamu da ita. Dalili kuwa shi ne gyaɗar da ake haɗa musu da ita a rabon abinci ta yanke na wasu watanni, aka bar su da garin masara. Ku duba, gyaɗa! Wannan da muke yi wa kallon abin taunawa a tasha.

Mun kawo wannan ne domin a 'yan shekarun nan garin nan ya karɓi baƙi da yawa daga yankunan Mariga da Rijau da Magama da Mashegu, waɗanda 'yan bindiga suka raba da gonakinsu da shanunsu. Tsohon da a da yake shan nono kullum a rugarsa ko ƙauyensa, yau yana raɓe a gidan wani yana jiran mudun masara na taimako. Idan muka tashi kai musu gudummawa, mu tuna da darasin Malawi: a kowane buhun masara a haɗa da wake da gyaɗa ko ƙuli-ƙuli da busasshen kifi.

Haka kuma mu sake duba yadda muke surfe. Yawancin bitamin B na hatsi a dusa da ƙwayar idon hatsin yake. Muna kai masara inji a surfe ta fes domin tuwo ya yi fari, mu kwashe dusar mu ba rago. Rago ya yi ƙiba, Baba ya rame. Shinkafar gida da ake turarawa kafin a casa, irin wadda aka san Jihar Neja da ita, ta fi riƙe B1 a kan farar da ba a turara ba, domin turarawar tana tura bitamin cikin ƙwayar. Yawan kanwa a wake da miya shi ma yana kashe B1. Gaskiya ne tun 2002 gwamnati ta wajabta wa manyan kamfanoni su ƙara sinadarai masu gina jiki a fulawa da garin masara, amma wannan doka ba ta isa injin niƙa na bakin layinmu ba, inda mafi yawanmu muke niƙa.

ME MASANA SUKA TABBATAR, ME KUMA YA RAGE?

Idan B12 ko B6 ko folik asid suka yi ƙaranci, wani sinadari mai suna homosistin yakan taru a jini. A 2002 masu bincike a garin Framingham na Amurka, bayan sun bi tsofaffi fiye da 1,000 na kimanin shekara takwas, suka samu cewa waɗanda wannan sinadari ya yi wa yawa sun kusa ninka sauran a haɗarin kamuwa da cutar Alzheimer. Sai aka ce, to in an ba mutane bitamin fa?

A Jami'ar Oxford ta Ingila aka gwada. Aka ɗauki tsofaffi 'yan shekara 70 zuwa sama waɗanda mantuwa ta fara taɓawa, aka ba rabinsu B12 da B6 da folik asid na tsawon shekara biyu. Sakamakon da ya fito a 2010 ya nuna ƙwaƙwalwar masu shan bitamin ta rage saurin motsewa da kusan kashi 30 cikin 100, kuma waɗanda homosistin ɗinsu ya fi yawa tun farko su suka fi amfana. Amma a 2014 aka tattara gwaje-gwaje 11 da suka ƙunshi mutum kusan 22,000, yawancinsu ba masu ƙarancin bitamin ba, aka ga ba wani bambanci a kaifin tunaninsu. Har ila yau, a 2024 kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 da in an magance su za a iya kauce wa ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na cutar mantuwa. A ciki akwai hawan jini, ciwon suga, shan taba, giya, rashin ji, rashin gani, buguwar kai, rashin motsa jiki, kaɗaici da ƙarancin ilimi. Ba su sa bitamin B a jerin ba.

Ma'anar wannan a taƙaice ita ce: mai ƙaranci, bitamin magani ne a gare shi, wani lokaci ma ceton hankalinsa ne. Wanda ba ya da ƙaranci kuwa, ko ya sha kwali goma ba zai sayi kariya ba. Shi ya sa a ƙa'idojin likitocin Ingila da Amurka, auna B12 yana cikin gwaje-gwajen farko da ake yi wa duk wanda ya zo da ƙorafin mantuwa, tare da na maƙoƙo da sauransu, domin a fara kawar da abin da ke da magani.

Akwai gargaɗi a nan. Kada mu ruga kemis mu ce a ba mu maganin ƙarin jini ko a yi wa Iya allurar bi-kwamfiles. Da yawa daga cikin irin waɗannan allurai babu B12 a cikinsu. Folik asid kuma yana iya gyara ƙarancin jinin ya ɓoye alamar, alhali jijiya tana ci gaba da lalacewa a ɓoye. B6 in ya yi yawa shi kansa yana lalata jijiya. Sannan in aka sha kafin gwaji, sakamako zai iya ruɗar da likita. A fara aunawa, sannan a yi magani.

INA HAƘƘI YA SHIGO?

Sashe na 34 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa haƙƙin a mutunta shi, bai cire tsoho ba, bai cire wanda hankalinsa ya raunana ba. Kulle tsohuwa a ɗaki kamar kaya, ko ɗaure ta, ko jifanta da maita, zalunci ne, kuma zargin mutum da maita laifi ne a dokar ƙasa. Sashe na 42 ya hana a nuna wa mutum bambanci saboda asalin garinsu, don haka kada wani ya ji nauyin kai mahaifinsa asibitin gwamnati wai don shi ba a nan aka haifi kakansa ba.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 23, ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya yi wa majinyaci bayanin halin da yake ciki da hanyoyin bincike da na magani, kuma gwargwadon iko ya yi shi da harshen da majinyaci ke ji, daidai da matsayin karatunsa. Wannan sashe kamar don mu aka rubuta shi. Idan aka ce mana tsufa ne kawai, muna da ikon tambaya cikin ladabi: likita, an auna jininsa? A Janairun 2023 kuma aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tanadi kare mutuncin masu irin wannan lalura. Akwai ma Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa wadda aka sa hannu a dokarta a 2018. Dokoki suna nan a takarda, amma haƙƙin da mai shi bai sani ba, barci yake yi.

SHAWARWARIN KWAMITI

1. Duk gidan da aka ga tsoho ya fara mantuwar da ta wuce misali, ko mutuwar ƙafa, ko tangaɗi, ko canjin hali, a kai shi Babban Asibitin Kontagora ba tare da jinkiri ba. Idan rikicewar ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, wannan na gaggawa ne, kada a kwana.

2. A tafi da duk magungunan da yake sha a leda, har da na gargajiya, kuma wanda ya fi sanin halinsa a gida shi zai raka shi.

3. A tambayi likita batun gwajin B12. In ba a yi a kusa, a nemi takardar turawa zuwa manyan asibitoci, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Bida ko asibitocin koyarwa na Zariya da Sakkwato.

4. A gyara kwanon tsofaffi. Wanda ba ya iya tauna, a ba shi kindirmo, fura da nono, dafaffen ƙwai, farfesun kifi, dakakken busasshen kifi a miya, dambun nama, kunun gyaɗa, alala, da ganye irin su alayyafo da rama da zogale. Kifin Kainji da na Yawuri yana shigowa kasuwarmu. In an yi layya ko suna, a fara cire wa tsofaffi hanta. A kuma zauna a ga sun ci da bakinsu.

5. A rage surfe mai tsanani, a riƙa gauraya masara da gero ko dawa ko waken suya.

6. Kwamiti yana neman amincewar wannan taro a ware wani kaso daga asusun taimakon juna domin biyan kuɗin gwaji da na mota ga tsofaffin da ba su da mai yi musu.

7. Duk wanda ya ji ana jifan wani tsoho da maita, ko an kulle shi, ya sanar da shugabanni domin mu je tare da mai unguwa da malamai a yi wa iyalin nasiha.

8. Mu riƙa ziyartar tsofaffinmu muna hira da su, a duba musu ido da kunne da hawan jini. Ajinmu na yaƙi da jahilci kuma a buɗe yake ga kowa, babu wanda ya tsufa da koyo.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa, waɗannan tsofaffi su ne suka baro garuruwansu da ƙunshin kaya a ka, suka yi dako, suka yi noma, suka yi talla, har muka samu rufin da muke kwana a ƙarƙashinsa a garin nan. Da muna yara ba mu san sunan kowa ba, su suka yi ta maimaita mana ba su gaji ba. Waccan uwa tamu da muka ba ku labarinta ta yi wata bakwai a bayan kwaɗo, a kan abin da allura ta gyara. Muna roƙon kowa in ya koma gida yau ya leƙa kwanon tsohon gidansu ya ga abin da ke ciki.

Abin da muka faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, inda muka yi kuskure 'ya'yanmu ma'aikatan lafiya suna nan zaune, za su gyara mana a lokacin tambayoyi. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, ya ba garinmu da jiharmu da ƙasarmu zaman lafiya.